Me Ya Kai Amurka Yaƙin Biyetnam?

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin yaƙin cacar baka, amma abu ɗaya ya shige mini duhu. Biyetnam ba maƙwabciyar Amurka ba ce, ba ta kai mata hari ba, ban kuma ga wani arzikinta da za a ce shi ake kwaɗayi ba. To me ya sa Amurka ta kwashi soja sama da rabin miliyan ta kai can? Tsoron kwaminisanci ne kawai, ko da wata a ƙasa?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron kwaminisanci yana ciki, kuma da shi aka fara. Amma idan ka tsaya a nan za ka rasa gane dalilin da ya sa aka ci gaba da tura soja bayan manyan gwamnati da kansu sun fara shakkar nasara. Abin da karatun wannan tarihi ya nuna mini shi ne, shugabannin Amurka huɗu, Truman da Eisenhower da Kennedy da Johnson, kowannensu ya ji tsoron a ce a hannunsa Biyetnam ta faɗi. Kowa sai ya ƙara ɗan abin da zai hana ta faɗuwa a zamaninsa, ya miƙa wa na bayansa kaya mafi nauyi. Ba a taɓa zama rana guda aka yanke shawarar shiga babban yaƙi ba. Shekara 15 aka yi ana nutsewa, daga 1950 zuwa 1965.

Sai mun koma baya kaɗan kafin maganar ta zauna. Faransa ta fara mamaye ƙasar tun 1858, kuma a 1887 ta haɗa yankin ƙarƙashin mulkin mallaka guda da ake kira Indocina. A yaƙin duniya na biyu Japan ta shiga, daga baya a watan Maris na 1945 ta ture Faransawa gaba ɗaya. Ƙungiyar da ta fi kowa tsari wajen adawa da baƙin biyu ita ce Viet Minh, wadda Ho Chi Minh ya kafa a 1941. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a 1945 jami'an leƙen asirin Amurka sun yi aiki tare da mutanen Ho a daji, sun ba su makamai da horo don yaƙar Japan. Ranar 2 ga Satumba 1945, da Ho ya tsaya a Hanoi ya shelanta 'yancin ƙasarsa, da kalmomin takardar 'yancin kan Amurka ya buɗe jawabinsa. Ya rubuta wa Shugaba Truman wasiƙu yana neman goyon baya, ba a amsa masa ba.

Me ya hana a amsa? Turai ce. Shugaba Roosevelt, wanda ba ya son Faransa ta koma Indocina, ya rasu a Afrilun 1945. Waɗanda suka gaje shi idonsu yana kan Tarayyar Sobiyat da tsakiyar Turai, suna bukatar Faransa ta tsaya da ƙafarta, ga shi jam'iyyar kwaminis ta Faransa tana da ƙarfi ƙwarai a zaɓe. Ɓata wa Faris rai saboda wata ƙasa mai nisa a Asiya bai yi musu kama da ciniki mai riba ba. Sai suka kau da kai, Faransa ta koma, yaƙi ya ɓarke a Disambar 1946. A wannan yaƙi Faransa ta kwashi dubban sojojin Afirka, daga Maroko da Aljeriya da kuma ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. Sangoulé Lamizana na Burkina Faso da Gnassingbé Eyadéma na Togo, waɗanda suka zama shugabannin ƙasa daga baya, duk sun yi aikin soja a can. Abin yana da ciwo, a ɗebi wanda ake mallaka a kai shi ya yaƙi wani da ke neman fita daga mallakar.

Shekarar da al'amari ya juya ita ce 1949 zuwa 1950, kuma a nan ya kamata ka fi mai da hankali. A Agustan 1949 Sobiyat ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko. Ranar 1 ga Oktoba Mao Zedong ya shelanta Jamhuriyar Jama'ar Sin. A Janairun 1950 Sin da Sobiyat suka amince da gwamnatin Ho, kuma makamai suka fara kwarara ta iyakar Sin. Amurka ta mayar da martani a Fabrairu ta amince da gwamnatin da Faransa ta ɗora tsohon sarki Bao Dai a kanta, a watan Mayu ta yi shelar za ta fara ba da taimakon yaƙi. Sai ga Koriya ta Arewa ta afka wa ta Kudu ranar 25 ga Yuni. A idon mutanen Washington, duk waɗannan hannu ɗaya ne ke juya su daga Mosko. Daga ranar suka daina kallon yaƙin Indocina a matsayin rikicin mai mallaka da wanda ake mallaka, suka mayar da shi fage ɗaya cikin fagagen tare kwaminisanci. Zuwa 1954 Amurka ce ke biyan kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin Faransa.

A wannan lokaci ne kuma wani abu ya faru a cikin gida wanda tasirinsa ya fi na duk wani makami. 'Yan jam'iyyar Republican suka taso wa gwamnatin Truman da tambayar wa ya zubar da ƙasar Sin, kamar dai Sin kayan Amurka ce da wani ya yi sakaci ya yar. Sanata Joseph McCarthy ya fara zargin cewa ma'aikatar harkokin waje cike take da 'yan kwaminis. Aka kori ƙwararrun jami'ai da suka san Asiya da harsunanta, laifinsu kawai sun faɗi tun da wuri cewa Mao zai yi nasara. Wannan ya yi ɓarna biyu. Ta farko, aka rasa masu ilimin da za su ce wa shugabanni ku dakata. Ta biyu, duk ɗan siyasar jam'iyyar Democrat ya haddace darasin cewa wanda wata ƙasar Asiya ta faɗi a hannunsa, siyasarsa ta ƙare. Kennedy da Johnson duka suna majalisa a lokacin, da idonsu suka gani.

A 1954 sojojin Janar Vo Nguyen Giap, kwamandan Viet Minh, suka yi wa Faransawa ƙawanya a kwarin Dien Bien Phu. Ana cikin haka, ranar 7 ga Afrilu, Shugaba Eisenhower ya yi wa 'yan jarida bayanin da ya zama ginshiƙin manufar Amurka. Ya ce idan ka jera 'ya'yan wasan domino a tsaye ka ture na farko, na ƙarshe ma ba zai daɗe ba. Wato idan Indocina ta tafi, Bama da Tailan da Malaya da Indonesiya za su bi, daga nan Japan ta rasa kasuwa ta karkata wajen 'yan kwaminis. Ya ambaci kuza da roba da ke yankin, to ka ga maganar arziki tana nan, sai dai arzikin yankin ne baki ɗaya da lafiyar tattalin arzikin Japan, ba na Biyetnam ita kaɗai ba. Duk da haka Eisenhower, tsohon janar da ya san yaƙi, ya ƙi tura jiragen sama su ceci Faransawa, domin Birtaniya ta ƙi shiga, shugabannin majalisa kuma sun ce ba za su yarda Amurka ta tafi ita kaɗai ba. Dien Bien Phu ta faɗi ranar 7 ga Mayu.

Taron Jeniba na Yulin 1954 ya raba ƙasar gida biyu na wucin gadi, Ho a Arewa, ɓangaren Bao Dai a Kudu, da sharaɗin a yi zaɓen haɗe ƙasa a 1956. Ba a yi zaɓen ba. Ngo Dinh Diem, wanda Amurka ta mara wa baya a Kudu, ya ƙi, Washington ta goya masa baya. Eisenhower da kansa ya rubuta daga baya cewa masanan da ya tattauna da su sun yi ittifaƙi, da an yi zaɓe a lokacin yaƙin, mai yiwuwa kashi 80 cikin 100 Ho za su zaɓa a kan Bao Dai. A ganina nan ne Amurka ta ɗaura wa kanta igiya. Ta ɗauki nauyin gina sabuwar ƙasa a Kudu da kuɗinta da makamanta da sunanta, ta kuma kafa ƙawancen tsaro na SEATO a Satumbar 1954 ta shimfiɗa inuwarsa a kan Kudun. Daga nan faɗuwar Saigon, babban birnin Kudu, ta zama faɗuwar maganar Amurka.

Kada ka ɗauka ina wanke ɗaya ɓangaren. Ho Chi Minh ɗan kwaminis ne na gaske, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1920, ya yi zama a Mosko. Gwamnatinsa ta kawar da 'yan kishin ƙasa da ba sa tafiyarta, kuma a rabon gonaki na tsakiyar shekarun 1950 an kashe dubban mutane. Kusan mutum miliyan ɗaya, akasarinsu mabiya ɗariƙar Katolika, sun yi ƙaura daga Arewa zuwa Kudu bayan Jeniba. A 1959 gwamnatin Arewa da ke Hanoi ta yanke shawarar tallafa wa yaƙin sunƙuru a Kudu, ta fara buɗe hanyar daji ta Laos da Kambodiya. Miliyoyin mutanen Kudu da gaske ba sa son mulkin kwaminis. Kuskuren Amurka shi ne ɗaukar cewa tun da Ho ɗan kwaminis ne, to yaron Beijin ne. Sin ta mulki Biyetnam kusan shekara dubu, kuma tarihin da kowane yaro ɗan Biyetnam ke tashi da shi, tarihin korar Sinawa ne. Manomin da ya ɗauki bindiga ya bi Viet Cong, wato 'yan sunƙurun Kudu da Arewa ke mara wa baya, abin da ke gabansa gonarsa ce da jami'in gwamnati mai zalunci da baƙon soja a ƙauyensu.

Diem kuwa bai taimaki kansa ba. Ɗan Katolika ne a ƙasar da mafi yawan jama'a mabiya addinin Buda ne, ya damƙa mulki a hannun 'yan gidansu, ya shirya ƙuri'ar raba gardama a 1955 aka ce ya samu sama da kashi 98. Da Kennedy ya hau mulki a Janairun 1961, masu ba da shawarar soja na Amurka a can ba su kai dubu ɗaya ba. Shekarar ta zo masa da tuntuɓe: harin da aka shirya wa Kyuba ya watse a Afrilu, shugaban Sobiyat Khrushchev ya tsare shi da zafi a taron Biyana a Yuni, aka gina katangar Balin a Agusta, a Laos kuma ya karɓi sulhu. Yana neman wurin da zai nuna wa Mosko da 'yan adawarsa na gida cewa ba rago ba ne, Biyetnam ce ke kusa da hannu. Kafin ƙarshen 1963 yawan masu ba da shawarar ya haura 16,000, wasunsu suna tuƙa jirage masu saukar ungulu zuwa fagen daga.

A 1963 rikicin 'yan Buda ya tashi. Ranar 11 ga Yuni wani dattijon malaminsu, Thich Quang Duc, ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon, hoton ya zagaye duniya. Washington ta nuna wa janar-janar ɗin Kudu cewa ba za ta hana su ba, suka yi juyin mulki ranar 1 ga Nuwamba, washegari aka kashe Diem da ƙaninsa Nhu. Bayan mako uku aka harbe Kennedy. Masana har yau suna gardama kan ko da ya rayu zai janye. Abin da ke tabbace shi ne, wanda ya sa hannu aka kawar da shugaban ƙasa ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, kuma abin da ya biyo baya juyin mulki ne a kan juyin mulki, gwamnatin Saigon na ƙara lalacewa.

Haka Lyndon Johnson ya gaji lamarin. Shi zuciyarsa tana kan cikin gida: dokar 'yancin baƙaƙen fata, yaƙi da talauci, inshorar lafiyar tsofaffi. Ya yi imani cewa idan ya bar Saigon ta faɗi, 'yan mazan jiya a majalisa za su yi masa abin da aka yi wa Truman, su binne duk waɗannan shirye-shirye. Idan kuma ya buɗe yaƙi gadan-gadan ya afka wa Arewa ta ƙasa, Sin na iya shigowa kamar yadda ta yi a Koriya a 1950. Gaba kura baya siyaki. Sai ya zaɓi hanyar tsakiya, ƙari kaɗan-kaɗan, ba tare da ya fito ya gaya wa jama'arsa girman abin da ake shiga ba. Ga kuma darasin da duk tsararsa suka tashi da shi, na taron Munich a 1938, inda aka lallashi Hitler ya ƙara samun ƙarfin gwiwa. A wurinsu duk wani ja da baya gayyatar yaƙin duniya na uku ne.

Ƙofar shari'a ta buɗe a mashigin tekun Tonkin. Ranar 2 ga Agusta 1964 jiragen ruwan Arewa suka kai wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox hari, a yankin da dakarun Kudu ke kai farmakin sirri da tallafin Amurka, abin da ba a bayyana wa jama'a ba. Ranar 4 ga wata aka ce an sake kai hari na biyu. Binciken hukumar tsaro ta NSA da aka saki a 2005 ya nuna wannan hari na biyu bai faru ba. Amma a kansa, ranar 7 ga Agusta, majalisa ta ba Johnson izinin ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace. A majalisar wakilai ƙuri'a 416 babu ko ɗaya mai adawa, a ta dattawa 88 da 2, Wayne Morse da Ernest Gruening ne kaɗai suka ƙi. A yaƙin neman zaɓen shekarar Johnson ya yi wa jama'a alkawarin ba zai tura samarin Amurka su yi aikin da ya kamata samarin Asiya su yi wa kansu ba. Ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye. A Fabrairun 1965 aka kai wa sansanin Amurka a Pleiku hari, a farkon Maris aka fara ruwan bama-bamai a kan Arewa, ranar 8 ga Maris sojojin kundunbala na ruwa 3,500 suka sauka a Da Nang don gadin filin jirgi. Masu gadi suna bukatar masu kare su, masu karewa suna bukatar fita sintiri. Ƙarshen shekarar sun kai 184,000, a Afrilun 1969 sun kai 543,000.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da na faɗa maka tun farko tana cikin takardun gwamnatin da kanta, waɗanda Daniel Ellsberg ya fallasa a 1971. A Maris 1965 John McNaughton, na hannun daman sakataren tsaro Robert McNamara, ya rubuta manufofin Amurka a Biyetnam da lissafi: kashi 70 don guje wa shan kaye mai wulaƙanci da zai zubar da mutuncin Amurka a matsayin mai tsaya wa ƙawaye, kashi 20 don hana yankin faɗawa hannun Sin, kashi 10 don mutanen Kudu su samu rayuwa mai kyau da 'yanci. Ka duba da kyau, mutanen da aka ce dominsu ake yaƙin kashi goma suka samu. Lamarin ya zama kamar ɗan kasuwar da ya san harkar ba ta fita, amma yana ta zuba jari don kada a ce a kasuwa ya karye, masu ba shi bashi su janye. Tsoronsu shi ne idan suka bar Saigon, Jamus ta Yamma da Japan za su daina yarda da alkawarinsu, Mosko kuma ta gwada su a Balin.

Kuma ba a rasa masu gargaɗi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Shugaban Faransa Charles de Gaulle, wanda ƙasarsa ta sha ɗacin wurin, ya ba da shawarar a mayar da Biyetnam 'yar ba-ruwanmu tun 1963. A Yunin 1964 masu nazari na hukumar CIA suka rubuta cewa, ban da wataƙila Kambodiya, da wuya wata ƙasar yankin ta faɗa wa kwaminisanci nan da nan don Biyetnam ta Kudu da Laos sun faɗi. George Ball, mataimakin sakataren harkokin waje, ya yi ta rubuta wa Johnson cewa a yanke asara a fita tun ana iya fita, domin da zarar jinin Amurkawa ya zuba da yawa, fita za ta gagara. An saurare shi cikin ladabi, aka yi abin da aka yi niyya. Akwai girman kai a ciki ma. Ƙasar da ta ci Jamus da Japan ba ta ga yadda manoma masu takalmin tayar mota za su gagare ta ba, kuma ta ɗauka Faransa ta faɗi ne don rauninta.

Za ka ji masu cewa kamfanonin ƙera makamai ne suka kitsa yaƙin. Sun ci riba, babu musu, Eisenhower ma ya yi gargaɗi a kan tasirinsu a jawabinsa na bankwana a 1961. Amma a takardun da aka yanke shawara a cikinsu, abin da ke maimaituwa shi ne mutunci da zaɓe da Sin, don haka ba na sa wannan a sahun gaba.

Kuɗin da aka biya ya wuce misali. Amurkawa sama da 58,000 suka mutu. Gwamnatin Biyetnam ta ce a 1995 mayaƙanta miliyan 1.1 ne suka mutu da farar hula kusan miliyan 2, ban da sojojin Kudu sama da 200,000, ban da Laos da Kambodiya da aka yi wa ruwan wuta. Bayan yarjejeniyar Faris ta Janairun 1973 Amurka ta janye, Saigon ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975. Laos da Kambodiya sun koma hannun 'yan kwaminis a shekarar, kuma abin da Khmer Rouge, ƙungiyar kwaminis da ta karɓi mulkin Kambodiya, ta yi a can kisan ƙare dangi ne. Amma Tailan da Malesiya da Singafo da Indonesiya da Filifin ba su faɗi ba. A ƙarshen 1978 Biyetnam ta kwaminis ta afka wa Kambodiya ta kwaminis, a Fabrairun 1979 Sin ta kwaminis ta afka wa Biyetnam. McNamara da kansa ya amsa a 1995 cewa sun yi kuskure, mummunan kuskure.

Akwai masu kare yaƙin da hujja mai nauyi, irin su Lee Kuan Yew na Singafo, wanda ya ce tsayuwar Amurka ta ba sauran ƙasashen yankin lokacin gina kansu. Ban raina wannan magana ba, domin daga bakin wanda ke zaune a yankin ta fito. Sai dai ƙasar da ta fi kowace girma a jerin da ake tsoron faɗuwarsa ita ce Indonesiya, kuma a can sojoji sun murƙushe jam'iyyar kwaminis tsakanin ƙarshen 1965 da 1966, a kisan da ya ci ɗaruruwan dubban rayuka. Sin kuma ta faɗa cikin ruɗanin juyin al'adu a 1966, ga rigimarta da Mosko ta fito fili. Da tsoron faɗuwar yankin ne kaɗai ke riƙe da Amurka, a shekarar ya kamata a fara rage soja. Amma a ƙarshen 1966 sai yawansu ya ninka zuwa 385,000.